Tambaya da Amsa: Ya Fasa Sayen Hannun Jarina, Nawa Kotu Za Ta Sa Ya Biya Ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kano, mu huɗu muka haɗa kamfanin casar shinkafa shekara bakwai kenan, an yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yadda ya kamata, ni nake da kashi 30 cikin ɗari. To a watan Afrilun 2024 na ga gara in fita in koma harkar mota, sai wani alhaji da muke hulɗa dashi ya ce yana so, ya taya na yi albarka ya ƙara na yi albarka har dai muka tsaya a miliyan 120 na sallama, lauyansa ne ma ya rubuta agirimen ɗin muka sa hannu gaban shaidu, ya turo min miliyan 20 kafin alƙalami, cikon miliyan 100 kuma a rubuce yake zai biya kafin ƙarshen Satumba. Abokan nawa biyu sun ce ba komai, na ukun dai ya ɓata rai amma bai ce komai a rubuce ba. Ana cikin haka gwamnati ta ce za ta bari a shigo da shinkafa ba haraji, kawai cikin Agusta na tashi da safe na tarar da saƙon murya a WhatsApp wai shi fa ya fasa, harkar shinkafa ta mutu, in taimaka in dawo masa da miliyan 20 ɗinsa. Wallahi don takaici ko amsa ban bashi ba har yau, na cigaba da zuwa mitin ɗin kamfani, a Disamba ma aka raba riba na samu miliyan 4. Cikin Fabrairun 2025 wannan abokin namu na uku ya zo ya taya miliyan 85 na ga kamar cin fuska ne na ce albarka, yanzu kuma wanda ya fi kowa tayi miliyan 60 ya ce. Ga shi tireloli biyu da na yi niyyar saya da kuɗin sun tashi sosai, kuma na gaya wa alhajin nan da bakina tun farko cewa mota zan saya. Banda kunyar da na sha don kowa a kasuwa ya san na sayar. Dan Allah zan iya sa kotu ta tilasta masa ya biya miliyan 100 ɗin, in ba haka ba nawa zai biya ni, kuma miliyan 20 ɗin nan tawa ce ko tasa?
Wani mai karatu daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Bari in fara da wanda zai maka daɗi don sauran ba duka ne za su yi ba. Abinda mutumin nan ya yi karya yarjejeniya ne ƙarara, kuma ba sai Satumba ta cika ba, tun ranar da ya buɗe baki ya ce na fasa ya riga ya karya. Tsohuwar ƙa'ida ce da muka gada daga kotunan Ingila, tun 1853 a shari'ar Hochster da De La Tour, wani mutum aka ɗauka aikin rakiyar tafiya zai fara ranar 1 ga Yuni, sai a 11 ga Mayu aka ce masa ba a buƙatarsa, ya shigar da ƙara tun Yuni bata kama ba kuma kotu ta ce yana da gaskiya. Maganar wai gwamnati ta buɗe shigo da shinkafa kuwa ba uzuri bane. Eh an yi sanarwar a Yulin 2024, dakatar da haraji na kwana 150 kan wasu kayan abinci har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, kuma kowa ya ga yadda masu injin casa suka ji a jikinsu bayan nan, amma ciniki ya zama ba riba baya sa ya warware a doka, in ba haka ba ai ba wanda zai cika alkawari a kasuwa. Sai dai in lauyan nasa ya cusa wani sharaɗi a takardar da ke cewa in wani babban abu ya taɓa darajar kamfani kafin a kammala mai saye zai iya janyewa. Tunda lauyansa ne ya rubuta, ka ɗauko takardar ka karanta ta layi layi a daren nan. Saƙon muryar nan kuma kar ka kuskura ka canja waya ko ka goge shi, shi ne jarinka na farko, lauyanka zai haɗa masa takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya nema kafin kotu ta saurari abinda ya fito daga waya ko kwamfuta.

To ga inda ka fara yi wa kanka. Ranar da ya ce ya fasa doka ta ajiye maka hanya biyu, ko ka ce masa to na ji, ciniki ya mutu, mu haɗu a maganar diyya, ko ka ce ban yarda ba ciniki yana nan kuma ga hannun jarin ina jiranka. Kai sai ka ɗauki ta uku wadda babu ita, ka yi shiru. Na gane, fushi ne, amma shiru a yawancin lokaci kotu bata ɗaukarsa a matsayin ka karɓi fasawar, kuma ga shi baka rubuta masa ka ce ya zo ya cika ba, ka cigaba da zama a mitin ka karɓi riba kamar ba a taɓa wani ciniki ba. Lauyansa in ya san aikinsa zai ce ai ranka ya daɗe dukkansu biyun sun watsar da maganar ne, don haka a mayar wa kowa nasa. Ba lallai ya ci nasara da wannan ba amma ka bashi sandar da zai riƙe. Saboda haka abu na farko da za ka yi wasiƙa ce ta hannun lauya, ka tsaya kan hanya ɗaya.

Tilasta masa ya biya miliyan 100 ya karɓi hannun jarin, a ƙa'ida kotu tana iya yi, kuma ta fi yinsa a kan hannun jarin irin kamfaninku fiye da na bankuna da kamfanonin siminti da ake saye da sayarwa kullum a kasuwar hannun jari ta Legas, don waɗancan in wani ya fasa gobe ka sayar wa wani a farashin da kowa ke gani a allo, naku kuwa ba shi da kasuwa. Amma wannan ba haƙƙi bane da za ka buga ƙirji a kai, ganin damar alƙali ne, kuma abu biyu yake dubawa, ka zo da wuri ko ka yi barci, sannan kai ɗin a shirye kake ka miƙa abinda ka sayar ko akwai cikas a wajenka. Fiye da shekara kana zaune baka ce uffan ba, gaskiya ban ga wannan ƙofar a buɗe sosai ba. Kuma ko ta buɗe ka tambayi kanka, alhajin yana da miliyan 100 ɗin a ƙasa? Da yawan masu cewa kasuwa ta mutu ba kasuwar bace, kuɗin ne basu haɗu ba.

Sai diyya, nan ne mutanenmu suka fi shan mamaki. Kotu a shari'ar ciniki bata hukunta mutum don ya yi rashin mutunci, kuma bata baka kuɗin cinikin gaba ɗaya alhali kayan suna hannunka, ai ka ci biyu kenan. Abinda take yi tun shari'ar Robinson da Harman ta 1848 shi ne ta ɗauki kuɗi ta ajiye ka a inda da kake in da an cika alkawari, ba gaba ba ba baya ba. Da an cika, kana da miliyan 120 baka da hannun jari. Yanzu kana da hannun jari da miliyan 20. To giɓin da ke tsakani shi ne naka, wato 120 a cire darajar hannun jarin, a cire abinda ka riga ka karɓa. Lissafin ɗan firamare ne a baki, amma duk rigimar tana cikin kalma biyu, darajar nawa ce, kuma darajar wace rana.

Ɗauki biro mu yi tare. Yadda kake so, a ɗauki tayin yau na miliyan 60, giɓi ya zama 60, a cire 20 na kafin alƙalami saura 40, a cire ribar Disamba miliyan 4 don da cinikin ya tabbata a Satumba aljihunsa za ta shiga ba naka ba, saura 36. Yadda lauyansa zai so, a koma ƙarshen Satumba 2024 ranar da ya kamata a biya, wadda ita ce ranar da kotu ta saba farawa da ita, ya kawo mai ƙiyasi ya ce a ranar kason ka ya kai miliyan 100 ko fiye don lokacin farashi bai gama faɗuwa ba, kaga giɓi 20 kenan kuma 20 ɗin tana hannunka, shikenan an tashi ba wanda ke bin wani. Tsakanin waɗannan biyun akwai miliyan 85 ɗin nan da ka yi wa albarka, kuma ina jin nan alƙali zai fi karkata. Kotu takan yarda ta matsar da ranar lissafi gaba in abu ba shi da kasuwar da za a sayar nan take, ta baka lokacin da mai hankali zai nemi wani mai saye, amma bata yarda ka riƙe kaya kana jiran farashi ya dawo sannan in ya ƙara faɗuwa ka ɗora wa wanda ya fasa. Doka ta ɗora maka ka rage asararka gwargwadon iko. Mutum ya zo da 85 a hannu, ɗan cikin kamfani ne ba baƙo ba, ka ƙi don ka ga kamar yana maka dariya, to faɗuwar da aka yi daga 85 zuwa 60 za a ce taka ce. Lissafi ya zama 120 a cire 85 saura 35, a cire 20 saura 15, a cire 4 saura 11. Daga miliyan 100 da ka shigo da ita a ranka mun sauko 11, ka yi haƙuri, a sa a baka ya fi a rataya shi ne ya faru ranar nan ta Fabrairu. Da ka shigar da ƙarar tilastawa tun Oktoba da kana da amsa mai kyau, ka ce ta yaya zan sayar da abinda nake roƙon kotu ta sa ya karɓa, amma baka shigar ba.

Wani abin dariya da nake gani a irin wannan shari'a, kowa sai ya canja riga. Kai da ka zauna a falonsa kana yabon kamfani, injinmu kaza buhu kaza muke fitarwa a rana, a kotu kai ne za ka koma kana cewa ai kamfanin nan ba shi da wata daraja don giɓin ya yi faɗi, shi kuma da ya ce harka ta mutu shi zai dage cewa kamfani lafiyarsa ƙalau. Saƙon nasa ma zai maka amfani ta nan, da bakinsa ya ce ta mutu. Alƙali ba zai ɗauki bakin kowa ba, akanta masu ƙiyasi kowane ɓangare zai kawo, wani ya lissafa fili da gini da injuna da janareta da shanshera da ke sito ya cire bashin banki, wani ya ɗauki ribar da ake samu a shekara ya ninka ta sau kaza, wani ya yi hasashen kuɗin da za su shigo nan gaba, kuma ukun nan ba safai suke haɗuwa a lamba ɗaya ba. Sannan kashi 30 ba ya nufin kashi 30 na darajar kamfani cif, ana rage masa don mai shi ba shi ke juya akala ba, ko da yake naka yana da ɗan haƙori tunda manyan ƙudurori sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'a suke wucewa, mai 30 shi kaɗai zai iya tare hanya. Kuma in kamfaninku irin masu littafi biyu ne, ɗaya na masu haraji ɗaya na gaskiya, to ku sani duk wanda kuka kai kotu ɗayan zai fito, na ga inda abokan kasuwanci suka yi sulhu cikin dare saboda wannan kaɗai.

Yanzu ga abinda ya fi damuna a wasiƙarka, kuma a layi ɗaya ka wuce shi, abokin nan naku na uku da ya ɓata rai. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 a sashe na 22 ta ce irin kamfaninku zai iya taƙaita yadda ake canja hannun jari, kuma ta bada damar a sa sharaɗin cewa ba mai sayar wa bare sai ya fara yi wa 'yan ciki tayi. Je ka duba kundin dokokin kamfaninku, wanda ake ce wa memat. In sharaɗin yana ciki kuma baka yi musu tayi a rubuce sun ce basa so ba, lauyan alhaji zai ce ko da wanda nake karewa bai fasa ba cinikin nan ba zai taɓa kammaluwa ba, to asarar me aka yi. Kar ka raina wannan hujjar. A 2010 kamfanin Bunge ya sayar wa kamfanin Nidera tan 25,000 na alkamar Rasha za a yi lodi ƙarshen Agusta, sai ranar 5 ga Agusta Rasha ta sanar da hana fitar da alkama daga 15 ga wata, Bunge ya yi gaggawa ya soke cinikin tun ranar 9, kafin haramcin ma ya fara aiki. An tabbatar ya yi laifi ya fasa kafin lokaci, masu sasanci suka yanke masa sama da dala miliyan 3, amma da aka je Kotun Ƙolin Birtaniya a 2015 ta ce tunda haramcin ya zo ya tabbata kuma dama zai kashe cinikin, Nidera bai yi asarar komai ba, aka bashi dala 5. Dala biyar fa, bayan shekara biyar ana shari'a. Hukuncin Ingila na yanzu ba dole bane a kan alƙalanmu amma suna karanta shi kuma suna jingina da shi. Abinda zai cece ka shi ne ka nuna da an zo kammalawa da an samu amincewar, ko dai don shi na ukun ba zai iya biyan 120 ba a lokacin, kuma tayinsa na 85 yana nuna hakan, ko don daraktoci sun riga sun amince a wani mitin da aka rubuta. Nemo minit ɗin mitin ɗin Afrilu da Mayu.

Tirelolin kuma, akwai shari'ar da duk ɗalibin lauya ya haddace kuma abin sha'awa ita ma ta masu injin niƙa ce, Hadley da Baxendale, 1854. Ƙarfen da ke juya injin wasu masu niƙa a garin Gloucester ya karye, suka ba masu dako su kai shi Greenwich a ƙera sabo a kan samfurinsa, masu dako suka yi jinkirin kwanaki, inji yana tsaye, suka nemi ribar kwanakin. Kotu ta ce a'a, masu dako basu san cewa ba wani ƙarfen a ajiye ba, mutum yana biyan asarar da kowa zai yi tsammani ne, ko wadda aka sanar dashi lokacin ƙulla ciniki. Ka ce ka gaya masa da baki, to da sauƙi, amma wa ya ji? Ranar sa hannu ne ko bayan nan? Akwai takardar farashi daga dilan motar mai kwanan wata? Kotunanmu a kan irin wannan asara ta musamman basa wasa, sai ka jera ta dalla dalla a takardar ƙara kuma ka kawo hujjar kowace naira. In hira ce kawai aka yi a kan tabarma ana shan shayi, ka sa ta a ƙarar amma kar ka gina gida a kanta. Kunyar kasuwa kuwa ka bar wa Allah, a cinikin kasuwanci ba a biyan ɓacin rai.

Miliyan 20, amsar tana cikin kalmar da lauyansa ya rubuta. In an rubuta ta a matsayin kuɗin kama ciniki, wato jinginar cewa da gaske yake, to wanda ya fasa ya rasa ta ko da baka yi asarar sisi ba. In kuwa an rubuta ta a matsayin kashin farko na biya kawai, asalinta tasa ce, sai dai ka riƙe gwargwadon asarar da ka tabbatar. Mu a Hausa duka biyun kafin alƙalami muke cewa shi yasa ake rikici. Ko a na farkon ma in ta yi yawa kotu na iya cewa wannan tara ce aka sa mata wata riga, an taɓa yi a wata shari'ar filaye daga Jamaika a 1993 inda aka karɓi kashi 25 alhali al'ada kashi 10 ce, aka ce a mayar. Taka ta kusa kashi 17, ba ta yi muni ba amma akwai abin magana. Ta fuskar addini kuma tunda na san za ka tambaya, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yarda mai sayarwa ya cinye irin wannan kuɗi don an fasa ba, Hambaliyya sun halatta, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma a zamanta na 1993 a Brunei ta halatta in an sa wa'adi. Sannan a Malikiyyar dai shi ma ba shi da ikon warware cinikin da ya ƙullu shi kaɗai sai ka yarda ka yi masa iƙala, wato ka amince a warware cinikin, wadda hadisi ya kwaɗaitar a kai. Wannan ka zauna da malaminka, ni lauya ne.

In ni ne kai, wasiƙa za ta tafi satin nan cewa na karɓi fasawarka, ciniki ya ƙare, miliyan 20 na riƙe, ina neman cikon asarata, ga kwana 14. Sannan in koma wajen abokin nan na uku in sauke girman kai in ji ko har yanzu yana so da nawa. Sannan in nemi zama, ko ta hannun manyan kasuwa ko cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano, in aka tashi a kan ka riƙe 20 ya ƙara maka wani abu ko da bai kai 11 ba ni dai zan karɓa, don shari'ar da za a kawo akanta biyu suna musu za ta ci shekaru kuma nairar da za a baka ranar hukunci ba ita ce ta yau ba, kuɗin ruwa na kafin hukunci ma ba a bayarwa haka kawai sai yana cikin yarjejeniya ko an tabbatar al'adar kasuwar ce, in ma kana karɓa kenan. Ka duba kuma ko takardar ta ce sai dai a je wajen masu sasanci, in ta ce haka kotu za ta iya dakatar da ƙarar ta tura ku can. In ba ta ce ba lauyanka ya natsu wajen zaɓen kotu, abinda ya shafi tafiyar da kamfani na Babbar Kotun Tarayya ne, amma zallar karya yarjejeniya na Babbar Kotun Jiha ne kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna a 2005, mutane sun sha yin shekaru sannan a ce musu kun ɓata ƙofa. Kuma akwai wa'adin shigar da ƙara, a Legas shekara 6 wasu jihohin 5, lissafinka ya riga ya fara tafiya tun 2024.

TAMBAYA: Barista ina wuni. Ni tawa akasin wadda aka saba ce, ni na saya. Wata ƙawata ta sayar min da rabin kasonta a kamfanin ruwan leda na biya duka miliyan 9 ta banki, da ta ga an samu kwangilar kai ruwa wasu makarantu sai ta ƙi sa hannu a fom ɗin canja suna wai in zo in karɓi kuɗina. Ni kuma ba kuɗin nake so ba.
Wata mai karatu daga Zariya.

AMSA: Lafiya lau Hajiya. Ke kam kina kan doki, in dai baki karɓi kuɗin ba. Kar ki karɓa, in ma ta turo ki rubuta mata a ranar cewa baki amince ba kuma ki mayar. Irin taki ce kotu ta fi saurin tilastawa, kin biya duka, kuma ba wata kasuwa da za ki je ki sayo kason wannan kamfanin da kuɗin diyya. Lauyanki ya nemi umarnin ta sa hannu, tare da umarnin wucin gadi na hana ta sayar wa wani kafin a gama, kuma kiyi sauri kar ki yi irin ta Alhajin sama. Ki sani dai har sai sunanki ya shiga rajistar mambobin kamfani, kamfani ita ya sani ba ke ba, ko da yake ribar da ta karɓa a kan kason da kika biya za ki iya bin ta. Sauran masu kamfanin fa, an yi musu tayi, daraktoci sun yarda? In can ne aka toshe sai ki koma diyya, lissafinki kuma juyin nasa ne, darajar kason a lokacin da ya kamata ta miƙa a cire miliyan 9, sannan a dawo miki da miliyan 9 ɗin.

TAMBAYA: Muna shirin rubuta irin wannan yarjejeniya, in muka sa duk wanda ya fasa zai biya ninki biyu na kuɗin ciniki kotu za ta bi?
Wani mai karatu daga Jos.

AMSA: Da wuya Malam. Kotu tana bin adadin da kuka yanke tun farko in ya yi kama da ƙiyasin gaskiya na asarar da za a iya yi, in kuwa an sa shi ne don tsoratarwa sai ta ajiye shi gefe ta koma lissafin giɓi. A Birtaniya an ɗan sassauta a 2015 a shari'ar Makdessi, wani ɗan kasuwa da ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a babban kamfanin talla na Gabas ta Tsakiya sannan ya saɓa alkawarin ba zai yi gogayya da kamfanin ba, sharaɗin ya sa ya rasa cikon kuɗinsa na miliyoyin daloli kuma kotu ta bar sharaɗin don yana kare wata maslaha ta gaske, amma ko a can ninki biyu ba dalili ba zai sha ba. Ku sa adadi mai ma'ana kamar kashi 10 zuwa 15, ku rubuta ƙarara cewa kafin alƙalami ba a mayarwa in mai saye ya fasa, ku ambaci wanda zai yi ƙiyasin daraja da ranar da za a ɗauka in an samu saɓani, sannan sauran masu kamfani su sa hannu cewa an yi musu tayi basa so tun kafin alat ɗin farko ya shiga. In kamfanin a Nijar, Chadi ko Kamaru yake da rajista to duk wannan lissafin nawa ku ajiye, can dokar OHADA ake bi, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kai, ku nemi lauyan can.